Binciken Suruki a Ƙasar Su Fada

Tun da na dawo ba ku bar ni na yi walda cikin kwanciyar hankali ba. In na sunkuya kan ƙarfe sai na ga inuwar mutum a kaina: "Luka, yaya Turai?" In na je shan shayi wurin Malam Sani, har wanda bai taɓa gaishe ni ba sai ya matso da benci. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A aji shida na tsaya, kada kowa ya zo yana nuna mini inda na yi kuskure.

Da farko ku cire a ranku cewa yawon shaƙatawa na je. Aiki ya kai ni, irin aikin da in a nan gida ne bai wuce ka hau acaɓa ka je Tudun Wada ka dawo ba.

'Yata Rahila kun san ta, ita kaɗai Allah ya bar mana ni da marigayiya. Nas ce a wani asibiti a Dublin, babban birnin Ayilan, ƙasar da tsofaffin Fada na cocinmu suka fito. Wata rana ta kira ta ce ta samu miji. Bature ne, sunansa Matin, yana gyaran wutar lantarki a asibitinsu. Na ɗauki maganar na kai Sabon Gari wurin Yaya Bulus, tunda shi ne babba a gidanmu, shi ke ba da aure.

Yaya ya rage muryar rediyonsa ya ce, "Ɗan wane gida ne?"

Na ce ban sani ba.

"Wane gari?"

"A Ingila aka haife shi. Uwa da uba sun rasu. Kakansa ne ya fito daga Ayilan."

"Ayilan gari ne? Luka, ka girma amma har yanzu sai an tauna maka. Ba a ba da 'ya a gidan nan sai an yi bincike, an san asalin mutum, an san babu hauka babu sata a jininsu. Kuma yaro ba ya neman aure da bakinsa, babbansa ke zuwa ya nema. In ba haka ba ta je ta yi aurenta, amma ba da yawun gidan nan ba. Kada kuma ta kawo mini shi ƙofa."

Na gaya wa Rahila yadda muka yi. Ta ce, "Baba, mun riga mun sa rana a ofishin rajista. Ina so ku sa mana albarka. In ba ku sa ba, ranar ba za ta matsa ba."

Jini ɗaya, taurin kai ɗaya, ni ne a tsakiya. Na san Yaya, in ya ce a'a to har kabari. Na san 'yata, in aka rufe mata ƙofa ba za ta ƙwanƙwasa sau biyu ba. Ni kuma ba ni da wata. Na ce to ta nema mini biza, zan zo na yi binciken da ƙafata, na samo wa yaron babba ko da ɗaya ne.

Wahalar biza ba zan ba ku labarinta ba, hawan jinina zai tashi. Daga Samaru na shiga mota zuwa Kaduna, daga can na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, gyaran layi ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, a kwatas ɗin reluwe na Sabon Gari aka haife mu duka. Amma ni ban taɓa zama cikin jirgi mai sanyi irin wannan ba. Na yi ta kallon layin ta taga ina tuna shi.

Jirgin sama kuwa kurkuku ne da ake ba ka abinci. Ni mutum ne da ba na iya zama wuri ɗaya, kun sani. Na tashi na je baya na dawo, na sake tashi, har ma'aikaciyar ta zo ta dafa kafaɗata ta nuna mini kujera kamar ɗan firamare. A Turkiyya aka canza mana jirgi. Filin jirgin ya fi Samaru girma. Da na ɓace, sai wata Bayarabiya 'yar kasuwar Kaduna ta ga ina ta juya takarda ta ce, "Baba, ina za ka? Kawo na gani. Kai, ba nan ba ne, bi ni." Ta kai ni har bakin ƙofa ta koma neman tata. Ban ko tambayi sunanta ba, Allah ya saka mata.

A Dublin wani ma'aikaci mai jan gemu ya karɓi fasfona ya ce me na zo yi. Rahila ta koya mini na ce ziyarar 'yata na zo. Ni kuma ban saba da kewaye-kewaye ba, da Turancina na kasuwar Sabon Gari na ce masa na zo binciken wani mutum ne. Ya ajiye biro. Aka kai ni gefe aka zaunar, aka kira Rahila a waya. Ina kallonsa yana saurara, fuskarsa a ɗaure, can sai ya fashe da dariya. Daga baya ta gaya mini cewa ya ce shi ma surukinsa har yau bai gama bincikensa ba. Ya buga hatimi ya ce na wuce.

Malam Sani, kilishinka bai kai ba. Wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Suka buɗe suka ɗauke, wai ba a shiga da nama. Kuka da barkono suka shaƙa, ɗayansu ya yi ta atishawa, suka mayar mini. Kada ka ƙara tambaya ta ko Rahila ta ji daɗinsa.

Ina fitowa na ga 'yata, ta rame. Kusa da ita wani dogo mai sanƙo. Kafin na ce wani abu sai ya durƙusa a tsakiyar mutane, masu jaka suna kauce masa, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." An koya masa, na sani. Na miƙa hannu na ɗaga shi, na ji tafin hannunsa da kanta. Wannan ya yi mini, amma ban nuna ba. Ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

Ɗakin Rahila bai fi shagona ba. Ta bar mini gado ta koma kujera. Gidan cike yake da mutane amma ba ka jin motsin kowa. Na gai da wani maƙwabci a matakala, na tambayi iyali da aiki, ya dube ni kamar zan roƙe shi wani abu. Ruwan sama ba shi da lokaci, ya zo ya tafi ya dawo kamar mai mantuwa. Rana kuma ba ta son faɗuwa, ka ci abincin dare gari na nan da haske. Barci ya gagare ni. Abin da ya rage mini shi ne na fita ina duba ƙofofin mutane da shingensu na ƙarfe. Aikinsu yana da tsabta, ba zan yi ƙarya ba.

Na zaunar da Matin, Rahila tana fassara. Abin da ya sani bai cika cokali ba. Sunan kakansa Patirik, sunan uwar kakan Nora, daga yammacin ƙasar ya fito, ya tafi Ingila yana saurayi aikin gini bai sake komawa ba. Na ce, "Ba ya ba ku labarin gida?" Ya ce in an tambaye shi sai ya ce duwatsu ne kawai da ruwan sama.

A can ba a tambayar mai unguwa, littafin baftisma na coci ake tambaya. Kowane jariri Fada ya rubuta sunansa, da na uwa da uba, da ƙauyensu. Muka je wani babban ɗakin karatu inda aka ɗauki hoton tsofaffin littattafan aka sa a na'ura. Muka wuni Matin yana murza ido. A ƙarshe wata mata mai tabarau ta ce nasu sun tsaya a zamanin da ya gabaci na kakansa, na baya-bayan suna hannun coci-cocin ƙauye, sai mun je da kanmu. Ta zana masa yankin da masu sunan gidansu suka fi yawa.

Rahila ta roƙi 'yan kwanaki a wurin aiki, muka shiga motar Matin. A hagu suke tuƙi. Ni da ke zaune a gaba duk motar da ta taho sai na taka birkin da babu shi. Da muka bar babban titi hanya ta koma kamar lungu, ganuwar dutse dama da hagu. In direba ya haɗu da direba, ko bai san shi ba, sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Gaisuwar ke nan duka. Tumaki ko'ina, an shafa musu fenti ja ko shuɗi a baya, babu makiyayi babu kowa. Na ce wa Rahila a wajenmu kafin la'asar sun zama balangu.

Cocin farko a kulle. Na biyu wata tsohuwa mai shara ta ce ba a nan littafin yake ba, Fada ɗaya ke zagaya coci da yawa yanzu, mu je gidansa. Abin ya taɓa ni. Muna yara mun ɗauka a ƙasar su Fada kowane gida akwai Fada. Muka sami gidan, Matin ya danna ƙararrawa. Ƙofa ta buɗe, sai ga baƙin mutum da silifas da kofin shayi. Ya dubi hulata, ya dube ni, ya ce, "Baba, daga ina?"

Da Hausa.

Fada Markus ke nan, mutumin wajen Zonkwa. Na ce, "Fada, me kake yi a nan?" Ya ce, "Su suka kawo mana, yanzu sun gaji, mu muke kawo musu. Shigo, Baba, sanyi zai kashe ka. Ka zo da yaji?" Na ba shi rabin barkonona a take.

Ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya fito da littafin. Rubutun da Latin ne, harshen da Babanmu ke cewa da shi ake Misa a zamaninsu. Matsalar ita ce rabin yankin sunan gidansu ɗaya, kuma kowane gida sai ya haifi Patirik. Kamar ka shiga birnin Zariya ka ce Malam Ibrahim kake nema. Fada yana bi da yatsa, ni ina ta kai da komo a ɗakin, har Rahila ta ce, "Baba, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri." Can sai Fada ya tsaya. Patirik, uwarsa Nora, shekarar ta yi daidai. Ga sunan ƙauyen a gefe. Sunan ba ya faɗuwa a bakina, kada ku tambaye ni.

Fada ya ce, "Na san gidan. Mutum ɗaya ya rage, Maikel, ɗan ƙanin wannan Patirik ɗin. Tsoho ne, bai taɓa aure ba, shi da shanunsa. Amma ku bi a hankali."

Matin bai ji wannan ba. Ya sa aka buga masa hoton shafin a takarda, ya ce mu tafi yanzu. Na ce a'a, ba haka ake yi ba. A tura Fada tukuna ya share hanya, mu je gaisuwa hannu sake, mu dawo, sannan magana. Rahila ta ce, "Baba, nan ba Zariya ba ne. Kuma jibi zan koma aiki."

Muka je. Ƙofar gonar ce ta fara ɓata mini rai: ƙarfe mai kyau, amma maƙalinta na sama ya karye, an ɗaure ta da shuɗiyar igiya tana jan ƙasa. Kare ya yi haushi, wani gajeren tsoho da hular ulu ya fito. Matin ya ɗaga takarda sama yana magana da sauri, yana nuna kansa yana nuna gidan. Tsohon ya dubi takardar, bai karɓa ba. Ya faɗi magana gajera, ya juya ya shige, ya rufe ƙofa.

Na ce, "Me ya ce?"

Rahila ta ce, "Ya ce gonar tana da takardunta. In muna da magana mu je wurin lauyansa."

Na ce, "Ashe nan ma Zariya ne."

Ku duba mana. Kakan Matin shi ne babba, ya tafi. Ƙaninsa ya zauna ya riƙe gona. Yau ga jikan babban ya iso da takarda a hannu da baƙi biyu a bayansa. Ko a Basawa ka yi wa mutum haka, gado zai ce ka zo nema. Ni kaina wanda ya tsaya a ƙofar shagona yana kaɗa takarda, ko haraji ne ko sammaci.

Da za ta hau bas ta koma Dublin, Rahila ta riƙe hannuna idonta ya yi ja. Ta ce, "Baba, na yi iya ƙoƙarina. Ka gaya wa Baba Bulus abin da ka gani. Ranar tana nan." Na ce ta tafi aikinta, ni ban gama nawa ba.

Aka bar ni da Matin a gidan wata mata mai saukar baƙi, Madam Birijit. Shi Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, ni Turancina in ya yi sauri ba na kama ko ɗaya. Da hannu muke hira. Da safe Madam ta kawo ƙwai da wake da wani baƙin abu zagayayye. Na ci biyu, ya yi daɗi. Sai da Fada ya gaya mini jini ne aka dafa da hatsi. Ban sake taɓawa ba, amma na ce ya yi daɗi kuma ba zan janye ba. Dankali kuwa, wanda kuke saye a kasuwar Samaru kuna kira da sunan ƙasarsu, na je gidansa. Da rana shi, da dare shi, an dafa, an soya, an kirɓa, wani lokaci iri biyu a faranti ɗaya. Na yi mafarkin tuwo.

Kwanakin nan su suka fi mini tsawo. Ranar komawata tana matsowa, Yaya yana kira ina ƙin ɗauka. Na bi hanyar ƙauyen da ƙafa har karnuka suka daina yi mini haushi. Kullum sai na wuce ta gaban ƙofar nan mai igiya.

Sai Fada ya zo ya ce, "Baba, an yi rasuwa a ƙauyen. In kana son ganin mutanen nan a wuri ɗaya, gidan makoki za ka je. Ba a gayyata, kowa zuwa yake yi. Maikel ma zai zo."

A nan ne na ga mutanen da na sani. Gawar tana falo a cikin akwati a buɗe, an sa masa kwat. Ka shiga layi, ka ba iyalan hannu ɗaya bayan ɗaya, ka ce ka taya su baƙin ciki. Daga nan a tura maka shayi da burodi, masu shan giya a ba su. Ana addu'a a ɗaki ɗaya, a ɗayan ana ba da labarin mamacin ana dariya har da hawaye. Kuma in an ce ka sha shayi ba ka karɓa da farko. Sai ka ce a'a, a sake, ka ce a'a, a matsa maka, sannan ka karɓa. Na ce wannan ai karar gidanmu ce.

Na bar Matin a waje, na ja Fada muka zauna cikin tsofaffi. Bincike ba a gidan mutum ake yinsa ba, wurin maƙwabta ake yi. Na ce Fada ya tambaya mini, gidan su Maikel akwai hauka? Wata tsohuwa mai sanda ta ce, "Ba wanda ya fi na kowa." Sata fa? Suka dubi juna suna murmushi. Wani ya ce an ce kakan kakansu ya taɓa ɗauke tunkiyar mai ƙasa a zamanin yunwa ya raba wa ƙauye, kuma har yau ba su ji kunyar abin ba. Shaye-shaye? Daidai misali. Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ne, taurin kai. In suka ce a'a, ko Fada bai isa ba."

Na ce, "Fada, gaya mata sun sami daidai da su."

Maikel yana kusurwa da hularsa a gwiwa. Na je na zauna kusa da shi. Na tambayi shanu, na tambayi ruwa, na tambayi ciyawa. Yana amsawa da kalma ɗaya ɗaya yana jiran na kawo maganar gona. Ban kawo ba. Da zan tashi na ce, "Fada, gaya masa ni mai walda ne. Ƙofarsa ta hana ni barci. In yana da injin walda gobe zan zo na gyara, ba na son komai." Tsohon ya ce akwai inji a rumbu, amma wutar rumbun ta lalace tun bara. Na ce ina da mai gyaran wuta.

Washegari muka je hannu sake, takardar na sa Matin ya bar ta a ƙarƙashin filo. Ya shiga rumbun ya tarar da wayoyi ɓera ya cinye. Na tsaya ina kallon yadda yake aiki. Bai yi gaggawa ba, bai ɓoye ɓarna a bayan bango ba, da ya gama ya share wurin. Da na kama walda shi ya riƙe mini ƙofar, tartsatsi na zuba a hannunsa bai saki ba. Nawa binciken a nan na gama shi. Ƙofa ta tsaya cak, tsohon ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, sannan ya ce mu shigo shan shayi. Na ce a'a. Ya sake, na ce a'a. Na uku na shiga.

Fada ya iso ana zuba shayi. Na ce, "Gaya masa ba gona muka zo nema ba. Uba muka zo nema." Na bayyana masa komai: yaron nan yana son 'yata, a wurinmu yaro ba ya nema da bakinsa, sai babban gidansu, kuma duk duniya ba shi da babba sai shi.

Maikel ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji yana buɗe akwati. Ya fito da kwat ɗin da ya sa a gidan makoki. Ya kai mu maƙabartar bayan wani rusasshen coci, ya riƙe hannun Matin yana ɗora shi kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya: wannan Nora ce, wannan mijinta, wannan uban mijin. Matin yana kuka kamar yaro, ni na juya ina kallon tumaki.

Na ɗauka an gama. Muna komawa gida tsohon ya gyara zama ya dube ni ya yi magana. Fada ya fara murmushi.

"Baba, ya ce ya yarda zai nema. Amma ya ce jiya ka zagaya gidan makoki kana tambaya a kansu, duk an gaya masa. Shi ma ba zai nemo wa gidansu yarinyar da bai san asalinta ba. Kakanta daga wane gari ya fito?"

Na ce, "Sabon Garin Zariya."

Fada ya yi dariya har ya ajiye kofi. "Haba Baba. Ni kada ka sa na fassara wannan. Sabon Gari ai zuwa ake yi, ba a fitowa daga can. Kafin Sabon Gari fa?"

Babanmu ya zo Zariya yana ƙaramin yaro, ya biyo masu aikin layi yana ɗaukar musu ruwa. Hausa kaɗai muka ji a bakinsa. Ba mu taɓa zuwa wani ƙauye Kirsimeti ba, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce shi kawunmu ne. Kuma ni da furfurata ban taɓa zama na lura ba. Na ce wannan sai yayana, shi ne babba.

Maikel ya ce to na je na tambayo, ranar da na kawo amsa zai sa kwat. Na ce wa Fada wasa yake yi? Ya ce, "Rabi da rabi. Ka ji abin da tsohuwa ta ce game da gidansu."

Haka na dawo, da jaka cike da shayi da cakulan da tambaya ɗaya. Daga tasha ban biya Samaru ba, Sabon Gari na wuce. Yaya yana kan kujerarsa da rediyo. Na zayyana masa komai: ƙauye, gida, gona, kaburbura har na kakan kaka, babu hauka, sata tunkiya ɗaya ce kuma ta daɗe. Yana gyaɗa kai. Ya ce, "Babbansu fa?"

"Akwai. Ya shirya. Amma ya ce shi ma sai ya yi nasa binciken. A gaya masa garin Baba."

"Sabon Gari mana."

"Na faɗa, aka yi mini dariya a gaban Bature. Kafin nan, Yaya."

Ya kashe rediyon. Ya ce yana jin wajen kudu ne. Can ya ce ko ta wajen Bauchi, don Baba yana son wata irin miya. Ya ce a tambayi wane, na ce ya rasu. Wane fa? Shi ma. Ya fusata ya ce, "Ai akwai littafi a coci! Su kaɗai ke da littafi?"

Muka tafi tare, yana gaba da sandarsa. Katikis, malamin cocin, ya fito da littafin baftisma na zamanin, bangonsa duk gara ta taɓa. Da ya buɗe sai na ga irin rubutun da na gani a gidan Fada Markus ne, hannu iri ɗaya, layi iri ɗaya. Wani Fada ɗan Ayilan ne ya yi wa Baba baftisma yana saurayi. Ga sunansa. Wurin sunan uwa da uba an ja layi. Wurin gari, katikis ya matso da shi kusa da ido ya karanta, ya ce abin da aka rubuta shi ne reluwe.

Yaya ya ce ya sake dubawa. Ya sake. Reluwe.

Muka fito. Da muka iso inda titi ya tsallaka layin dogo Yaya ya tsaya, masu acaɓa suna ta yi mana hon. Ya dubi layin ta nan, ya dube shi ta can. Ya ce, "Kira tsohon nan."

Ranar Lahadi bayan Misa Fada Markus ya kai wayarsa gidan gona. Muka gan su a allon wayata, Maikel da kwat, Matin a gefensa, Rahila a baya ta rufe kai da gyale. Yaya ya sa babbar rigarsa. Bai yi kewaye ba, ya ce, "Fada, gaya masa mun duba. Ubanmu layin dogo ya biyo, ba mu san daga inda ya taso ba. Abin da muka sani ya yi aiki, bai yi sata ba, ya rene mu. Iyakar asalinmu ke nan."

Fada ya fassara. Tsohon ya cire hula ya ce rabin gidansu jirgin ruwa ya kwashe, ba wanda ya san inda suka ƙare, yana fata inda suka sauka an ba su mata ba a tsananta tambaya ba. Sannan ya miƙe tsaye ya ce yana nema wa ɗansu Matin auren Rahila.

Yaya ya ce, "Mun ba ku." Muryarsa ta ɗan karye, ya ce mura ce.

Goro da alawar da aka raba muku ranar, ni na saya a madadin Maikel, don a ƙauyensu ba a san goro ba. To kun ji yadda Turai take. Wanda ke son sanin asalin surukina ya zo shago, zan kai shi har kabarin kakan kakansa. Wanda ke son sanin nawa, ya je bakin layin dogo ya tsaya, ya duba kudu ya duba arewa, ya zaɓi wanda ya yi masa.